Mai Riƙon Igiya a Littafi na Sha Huɗu

Kwanan baya wasu samari uku suka zo rumfata a bakin kasuwar Dakoro, kowa da salularsa a hannu. Ɗayansu ya nuna mini labarin da yake rubutawa, na wani jarumi mai yaƙi da aljanu. Ya ce a zama ɗaya yake gama kashi guda, ya tura wa mutane, kafin shayi ya huce har an fara yaba masa. Ya ce, "Baba, ai sana'ar nan taku ba wuya. Ƙarya ce kurum, a shirya ta da kyau." Ban yi masa musu ba, don ranar kasuwa ce, ga mutane suna jira in rubuta musu wasiƙa. Yanzu da na samu zama, ga abin da zan faɗa musu, su da ire-irensu.

Aikin farko da maigidana Malam Hamidu ya ba ni shi ne sa ƙugiya. Malam tsohon mai buga mashin ɗin rubutu ne a buro, wato ofishin gwamnati. Da ya bar aiki sai ya kafa tebur yana rubuta wa mutane wasiƙu, a gefe kuma yana buga ƴan littattafan almara yana sayarwa. Mashin ɗinsa na Faransawa ne, bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan ya gama buga shafi a kan takardar sitansil, wadda ake ɗora wa injin juyawa ta fitar da kofe da yawa, sai in shimfiɗa ta a kan gilashi, in bi layi-layi da tsinin allura ina yi wa haruffa ƙugiya. In hannu ya yi nauyi takarda ta yage. In ta yage sai a shafa jan farce na mata, a jira ya bushe, a sake. Wata rana na tsallake ƙugiya ɗaya a wurin da jarumi ya ci rago a fadar sarki ya tashi ya bar ƙashi a faranti. Sai da aka juya littafi sittin aka ɗinke sannan Malam ya gani. Bai zage ni ba. Ya miƙo mini alƙalamin bik, na zauna na gyara su ɗaya bayan ɗaya, yana gefe yana cin goro.

Shekara biyu ban rubuta ko layi ɗaya nawa ba. Ina ninke takarda, ina ɗinki da zare da basilla, ina wanke tawada daga injin da kananzir. Ranar kasuwa kuma Malam ya zaunar da ni gindin bishiya in karanta sabon kashi da ƙarfi. Shi yana bayana da fensir, ba ni yake kallo ba, masu saurare yake kallo. Inda wani ya tashi ya kaɗe riga, ko biyu suka fara hirar farashin awaki, sai ya yi alama a nasa kofen. In mun koma gida ya yanke wurin kafin bugu na gaba. A haka na koyi inda ake tsayar da labari, da yadda ake barin mutum da ƙishirwar na gaba. Yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba a nuna wa kowa aiki sai an buga. Ya ce labarin da aka leƙa tun yana rubutun hannu a kaye, wato littafin rubutu, ya zama na mutane goma, kowa da gyaransa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, iyalinsa suka bar mini mashin. Injin juyawa ya riga ya mutu, don haka nakan buga shafukan a nan, in hau mota zuwa Maradi in yi fotokofi, in dawo in ɗinke. Lokacin hanyar ba kwalta, tafiya da dawowa kwana biyu ne. A nan na fara nawa labarin, na Barmo Mai Takobin Tsawa. Sarkin aljanun ƙasa ya shanye ruwan rijiyoyi bakwai na wata ƙasa, Barmo kuma yana shiga rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana yaƙi yana ƙwato ruwan. Mutanenmu sun san zurfin rijiya, ba sai an yi musu bayani ba, shi ya sa labarin ya kama. Direbobi na saye, da teloli, da malaman lakwal, wato makarantar boko, da makiyaya waɗanda ba su iya karatu ba amma suna da wanda zai karanta musu. Ina ɗaure ƙunshi in ba direba ya kai Birnin Lalle, wani ya kai Ɗan Gulbi. Dala ashirin ne littafi.

Tunda Barmo yana shiga rijiya, dole a samu mai riƙe masa igiya. Sai na yi masa wani tsoho gurgu mai suna Nomau, mai jan raƙuminsa. Don igiyar kawai na yi shi, sai kuma don dariya, don matsoraci ne, ko zomo ya gifta sai ya yi salati. A littafi goma sha uku, in ka tara duk maganar da Nomau ya yi ba ta cika shafi ɗaya ba. Kullum layi ɗaya ne: Nomau ya riƙe igiya, Barmo ya sauka. Daga nan sai mu bi Barmo.

Cikin masu sayen littafin akwai wata mata daga Mai Yara, sunanta Hajo. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take kawowa kasuwa. Ta koyi karatu a ajin manya, kuma ita ke karanta wa matan unguwarsu da la'asar bayan sun gama daka. Ba ta taɓa tsallake kashi ko ɗaya ba. In ta saya sai ta naɗe shi a leda ta sa a ƙarƙashin tasa don kada mai ya taɓa shi. Mijinta Abdu ya tafi arewa neman aiki, shekara uku ke nan, wasiƙa ɗaya ya aiko tun farkon tafiya.

Na sha uku ya ƙare ne Barmo ya sauka rijiya ta bakwai, wadda sarkin aljanun yake ciki da kansa. Duk garin na jiran yaƙin ƙarshe. Mako biyu bayan fitowarsa Hajo ta tsaya gaban teburina, ta sauke tasarta.

Ta ce, "Malam, matanmu sun aiko ni da tambaya."

Na ce, "Allah ya sa na san amsa."

"Barmo in ya shiga rijiya yakan yi wata guda, wani lokaci ya fi. To shi tsohon nan da ke riƙe da igiya, wa ke kawo mishi abinci?"

Na yi dariya, na ce ai almara ce.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mun sani. Amma mu shi muke tunani."

Wannan ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, fara kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun koma wofi. Da bazara ta shigo mata suka shiga daji tsinkar anza, ana jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya ragu. Ana kawo saniya kasuwa a kan amalanke don ba ta iya tafiya. Maza masu ƙarfi suka watse, wasu kudu wasu arewa. Mai neman tiyar gero ba ya sayen littafi. Na rage yawan abin da nake bugawa zuwa rabi, amma na san na sha huɗu zai fita, don kowa na son ya ga ƙarshen sarkin aljanu.

Sai dai da na zauna gaban mashin, tambayar Hajo ta hana ni sauka rijiyar. Na bar Barmo a ƙasa, na tsaya a sama wurin Nomau. Ban san komai game da riƙon igiya ba, don haka na hau mota zuwa Ɗan Gulbi, na yi yini biyu a bakin wata rijiya ta makiyaya. Na ga yadda igiya ta ci itacen bakin rijiyar ta yi masa kwari-kwari. Na ce wa wani dattijo ya buɗe mini tafin hannunsa na duba. Ya nuna mini ƙullin da suke yi wa mutum a ƙugu in za a saukar da shi yashe rijiya, ƙullin da ja ke ƙara masa ƙarfi. Na sa ya yi mini sau uku har na iya. Kwana goma sha biyu na yi ina buga kashin nan, ban taɓa daɗewa a kan wani haka ba.

Ga abin da ke ciki. Nomau yana zaune bakin rijiya, igiya a hannu. Guzuri ya ƙare a kwana na bakwai. Ba zai iya sakin igiyar ya je neman abinci ba, don in Barmo ya girgiza ta babu kowa, shi ke nan. Sai ya ɗaura ta a ƙugu, yana rarrafawa iyakar tsawonta yana tsinkar anza. Raƙumi ya kwanta ya mutu. Aljanu suka riƙa zuwa masa da siffar mutanen garinsu, suna ce masa Barmo ya daɗe da mutuwa, ya tashi ya tafi gida. Ɗaya ya zo da siffar ɗiyarsa, da ƙwaryar fura a hannu, ta tsaya taku uku bayan inda igiyar ta ƙare. Bai kwance ba. A kwana na arba'in ya ji ƙarfinsa ya ƙare, sai ya yi ƙullin nan, ya zagaya kututturen bishiya, ya kwanta yadda ko ya mutu gawarsa za ta riƙe. Layin ƙarshe shi ne igiya ta girgiza, ba wanda ya ja. Barmo bai fito ko a shafi ɗaya ba.

Ranar kasuwar da ya fita, kafin azahar an saye fiye da rabi. Kafin la'asar an fara dawowa. Na farko Sale ne, direban da ke kai mini ƙunshi Birnin Lalle. Ya ajiye littafin a kan mashin, ya danne shi da yatsa.

Ya ce, "Malam, mi munka yi maka?"

Na ce, "Lafiya?"

"A gida anza. In kwashi kuɗina in sayi littahi don in huta, nan ma anza? Ina Barmo? Wata huɗu muna jiran yaƙi, ka kawo muna tsoho yana rarrafe."

Na ce yaƙin na nan tafe. Ya ce in ya zo in kira shi. Wani tela ya ce shi bai yarda ni na rubuta ba, wai an ce na yi ciwo wani ya karɓa. Samarin tasha suka daina gaishe ni da Mai Barmo, suka koma ce mini Mai Gurgu. Ƙunshin Birnin Lalle ya dawo ko kwance shi ba a yi ba, don labari ya riga shi isa. A ɗaya gefen kuma, wani mushe, wato malamin lakwal, ya zo takanas ya ba ni hannu, ya ce duk abin da na rubuta a baya wasa ne, wannan ne littafi. Wani makiyayi da shanunsa suka ƙare a shekarar, wanda aka karanta masa a rumfar mai shayi, ya zo ya tsuguna gabana. Da zai tashi ya ce, "Wa ya koya maka ƙullin nan?" Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya tafi. Maganar mushen na riƙe, ita nake maimaita wa duk wanda ya zo da faɗa.

Hajo ba ta zo ba sai bayan mako uku. Ba tasa a kanta, don babu gyaɗar da za a matse. Ta rame har sai da na sake dubanta. Ta fito da littafin daga leda ta riƙe, ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Malam, tambaya munka yi maka. Wa ke kawo mishi abinci. Ba mu ce ka kashe shi ba."

Na fara yi mata bayanin sana'a, cewa wani lokaci labari ne ke jan marubuci, kuma mutuwar ita ta ba shi daraja. Ta bari na gama.

Ta ce, "Na karanta musu. Mu goma sha ɗaya ne a tsakar gidan, ba wadda mijinta ke gari. Da na kai inda ɗiyar ta tsaya da hura, wata ta ce in dakata, ta shiga ɗaki. Na karanta har ƙarshe. Sai surukata ta ce, to, ga amsarku nan." Ta juya littafin a hannunta. "Kai ka san karatu, Malam. Mu da ke riƙe da igiya, haka za mu ƙare ke nan? Ba wanda zai zo?"

Na ce mata ta ba ni lokaci. Na ce ai ban rubuta cewa ya mutu ba, na ce dai ya kwanta.

Ta ce, "To ka tashe shi. Ko ba don ni ba, don tsohuwar nan."

A cikin mako ɗaya na rubuta na sha biyar da hannu a kaye. Wata mata mai tallan fura ta ɓace hanya ta faɗo bakin rijiyar, ta tarar da tsoho da sauran numfashi. Ta ɗiga masa ruwa a baki, ta zauna ta karɓi igiyar ya yi barci. Ta koma garinsu ta kira mata, suka riƙa zuwa bi da bi, su suka ja Barmo ya fito. Yaƙin da Sale ke so ma na sa shi, shafi takwas cur. Amma bugawa ta gagara. Na sha huɗu ya zauna mini a kwali, kuɗin mota da na takarda babu, abin da ya shigo hannu kuma na gero ne. Na rufe rumfa na koma gona da ruwa ya sauka. Kayen yana cikin akwati. Mai Yara ba nisa ba ce, da na sa shi a aljihu na je na karanta musu a zaure da an gama. Na tuna da hakan ba sau ɗaya ba. Amma ba a nuna aiki sai an buga, haka aka koya mini, haka na yi.

Sai bayan kaka, da sabon gero ya shigo, na samu na je Maradi. Na ɗinke kofen farko na sa a leda, na hau mota zuwa Mai Yara da kaina. Na yi tambaya aka nuna mini gidan. Na yi sallama, wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ashe surukar Hajo ce. Na faɗi sunana da sana'ata.

Ta ce, "Kai ne mai Nomau."

Na ce ni ne, na kawo wa Hajo saƙo.

Ta ce, "Hajo ta rasu tun tsakiyar damina. Zazzaɓi ne, ya same ta ba kome a jiki. Abin da ta samu duk yara take ba."

Na yi mata ta'aziyya. Ta ce yaran suna wurin ƙanen Hajo. Ta dubi ledar da ke hannuna ta ce tun da Hajo ta tafi ba mai karanta musu, littattafan na nan cikin kwalla. Ta aika aka kira matan unguwa, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, su suna daga ciki bayan zana. Na karanta daga farko har ƙarshe. Wurin yaƙin ba wadda ta motsa. Da na kai inda Nomau ya buɗe ido sai na ji ana salati ƙasa-ƙasa. Na rufe littafin, tsohuwar ta ce, "Ashe an zo." Sannan ta ce, "Ita dai ta tahi da sanin ba a zo ba."

Na sha biyar ya sayu fiye da duk waɗanda na taɓa bugawa. Sale ya dawo da kansa ya ɗauki ƙunshi biyu. Mushen lakwal kuwa ya ce na ɓata aikina, na ji tsoron mutane na ta da matacce. Har yau akwai masu ce mini haka, akwai masu cewa na sha huɗun ne kuskure. Na daina shiga gardamar. Abin da nake so ku samari ku gane shi ne, ku kuna tura labari ku ga yabo ko zagi a fuskar salula, ba ku ga wanda ya rubuto ba. Ba ku san abin da ya ci ba, ba ku san wa yake jira ba. Ni na san masu karatuna da fuska da suna, duk da haka ga abin da na yi. Dokar Malam kuma na ajiye ta tun daga shekarar. In wani na jiran labari kuma yana hannuna, ko a bayan kwali na rubuta shi sai in kai.

Bayan shekara biyu, wata ranar kasuwa da hantsi, wani mutum dogo ya tsaya gaban teburina, da ƴar jaka irin ta matafiya. Na ɗauka wasiƙa yake so, na jawo takarda. Ya ce sunansa Abdu, daga Mai Yara. Ya ce an tsare shi ne a can inda ya je, ba takardu, ba hanyar aiko da saƙo, sai watan jiya ya samu dawowa.

Ya ce, "Innata ta ce mai ɗakina ta taɓa yin faɗa da kai kan wani mai igiya. Ni ban iya karatu ba. Ina so ka karanta mini."

Na ɗauko na sha huɗu da na sha biyar. Na ce masa biyu ne, kuma na biyun ya gyara na farkon, gara ya ji su tare.

Ya ce, "Wanne ta karanta?"

Na nuna masa.

"Shi nike so."

Na ce wa masu jiran wasiƙa su dawo bayan azahar. Ya zauna a benci, jakarsa a kan cinya, na karanta masa. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Na kai ƙarshe na rufe littafin.

Ya ce, "Kwana nawa ka ce ya yi yana riƙe?"

Na ce, "Arba'in."

Ya ce, "Ita shekara huɗu ta yi."

Ya ajiye dala ashirin a kan tebur. Na ce ya bar shi, ya ƙi. Ya ninke littafin biyu ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.